Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira da Tukunyar Sarrafa Hayaƙin Mota: Tarihinta daga Amurka zuwa Ƙasar Karaye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin tarihin wata 'yar na'ura da ke maƙale a ƙarƙashin mota, tsakanin inji da bakin salansa, wadda aikinta shi ne rage dafin hayaƙi kafin ya fita sarari. A nan za mu riƙa kiranta tukunyar sarrafa hayaƙi. Makanikai a Kano da Kaduna da sauran garuruwan Nijeriya sun laƙaba mata suna "indomi", saboda abin da ke cikinta ya yi kama da curin taliyar nan ta leda.

Tambayoyin da muke son amsawa guda uku ne. Ta farko, mene ne a jikin wannan tukunya doka ta yarda mutum ya ce nasa ne, har a ba shi takardar mallaka? Ta biyu, wace rawa irin waɗannan takardu suka taka wajen yaɗuwar tukunyar ko jinkirinta? Ta uku, ta wace hanya ta iso ƙasarmu, kuma me ya rage mana a cikinta? Mun zaɓi mu auna amsar tambaya ta uku da yankin Fulatan, cikin ƙaramar hukumar Rogo, da maƙwabciyarta Karaye, a yammacin Jihar Kano, domin ƙasa ce ta manoma wadda injinan fetur suka shiga kowane lungu nata, alhali ba a ƙera ko ɗaya daga cikinsu a can ba.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, takardar mallaka ita kaɗai ba ta taɓa ɗora wannan tukunya a kan mota ba. Dokar hukuma da irin man da ake sayarwa su suka yi wannan aiki. A inda aka rasa su, kamar ƙasarmu, tukunyar ta iso a makare, kuma an fi ganin darajarta a kan sikelin 'yan gwangwan.

2.0 Ma'anar Takardar Mallakar Ƙirƙira

A al'adar Hausawa, mai sana'a yana kare iliminsa ne ta hanyar ɓoyewa. Maƙeri ko marini ko majemi ba ya buɗe sirrin sana'arsa sai ga ɗansa ko baransa da ya daɗe yana yi masa hidima, shi ya sa sana'o'i da dama suka zama na gado. Amfanin wannan tsari shi ne gida yakan riƙe abincinsa. Illarsa kuwa ita ce idan tsoho ya rasu bai sami magaji ba, ilimin ya bi shi kushewa.

Takardar mallakar ƙirƙira akasin wannan ce. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai rubuta sirrinsa dalla-dalla, yadda duk wani gwani a fannin zai iya karantawa ya aikata, a ajiye rubutun inda kowa zai gani. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ko shigo da shi, ba tare da izininsa ba, har zuwa wani ƙayyadadden wa'adi. Da wa'adin ya cika, ilimin ya zama na kowa. An fara tsara irin wannan doka a birnin Banis na Italiya a 1474, Ingila ta yi tata a 1624, sa'an nan a 1883 aka ƙulla Yarjejeniyar Faris, wadda a yanzu take ba mai ƙirƙira wata goma sha biyu ya kai buƙatarsa sauran ƙasashe bayan ya shigar da ita a ƙasarsa. Abin lura a nan shi ne takardar ba ta ƙetare iyaka. Wadda aka bayar a Amurka ba ta da ƙarfin kome a Kano.

3.0 Yadda Tukunyar ke Aiki

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da ake jayayya a kansa. Injin fetur yana fitar da guba iri uku: iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana kisa, da ragowar man da bai ƙone ba, da kuma iskokin da ke samuwa idan naitirojin ya haɗu da oksijin cikin zafin inji. Tukunyar ba tace hayaƙi take yi ba kamar yadda rariya ke tace gari. Juya shi take yi, dafin ya koma tururin ruwa da naitirojin da iskar kabon dayoksaid.

Masu yin wannan aiki wasu ƙarafa ne masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ake shafa 'yan giram kaɗan nasu a cikin tukunyar. Matsayinsu kamar na dillali ne a kasuwa: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba. Bambancin kawai shi ne wannan dillali ba ya karɓar la'ada. Sai dai ba ya fara aiki sosai sai tukunyar ta yi zafin da ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos. Idan ta yi zafi, kuma inji na da lafiya, takan kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na dafin.

Shi wannan hali na filatinam an san shi tun da daɗewa. Humphry Davy ya lura da shi a Ingila a 1817, kuma masanin sinadaran nan na Suwidin, Berzelius, ya raɗa wa al'amarin suna a 1835. Saboda haka babu wanda zai iya cewa ya mallaki ƙa'idar, domin doka ba ta ba da takarda a kan abin da aka tarar Allah ya halitta. Abin da ake mallaka shi ne dabarar da aka bi aka sa ƙa'idar aiki: haɗin sinadaran, ko siffar abin da aka shafa su a kai, ko hanyar ƙera shi, ko yadda aka haɗa shi da inji. Duk tarihin da za mu kawo a kan waɗannan huɗu yake juyawa.

4.0 Dalma ta Tare Hanya, 1921 zuwa 1969

Abin mamaki shi ne, wata takardar mallaka ce ta fara toshe wa tukunyar hanya tun ba a ƙirƙiro ta ba. A watan Disamba 1921, Thomas Midgley, ma'aikacin kamfanin General Motors, ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. Aka fara sayar da irin wannan mai a 1923. General Motors na riƙe da takardar amfani da sinadarin, Standard Oil na riƙe da ta hanyar yin sa da araha, sai suka haɗu suka kafa kamfanin Ethyl a 1924. A cikin wannan shekara ma'aikata biyar suka mutu a masana'antar Bayway saboda dafin dalmar, amma ba a fasa ba. Masu tarihi da dama sun nuna cewa sinadarin itanol ma yana hana ƙwanƙwasar, sai dai shi sananne ne, kowa na iya yin sa, ba wanda zai mallake shi ya riƙa karɓar lada a kan kowane galan. Ke nan abin da ake iya mallaka ya rinjayi abin da ya fi lafiya.

Tun daga 1943 hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Anjalis na Jihar Kalifoniya, yana sa idanu hawaye. A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit ya tabbatar da cewa hayaƙin motoci da na matatun mai ne hasken rana ke dafawa ya zama wannan hazo. A daidai lokacin ne Eugene Houdry, injiniya haifaffen Faransa wanda ya koma Amurka a 1930 ya yi suna wajen tace fetur, ya kafa kamfanin Oxy-Catalyst domin neman magani. A 1956 aka ba shi takardar mallaka mai lamba 2,742,437. Amma dalmar da ke cikin fetur takan lulluɓe filatinam ɗin ta kashe shi cikin ɗan lokaci, don haka tukunyar ba ta sami kasuwa ba. Houdry ya rasu a 1962. A wancan zamani wa'adin takarda a Amurka shekara 17 ne daga ranar bayarwa, watau tasa ta mutu a 1973, shekara biyu kafin a fara sa tukunya a motocin da ake sayar wa jama'a.

Su kuwa manyan kamfanonin mota, a 1955 suka ƙulla yarjejeniya cewa duk wanda ya sami takardar mallaka a kan wata dabarar rage hayaƙi, sauran za su yi amfani da ita kyauta. A ido wannan ya yi kama da taimakon juna. Amma idan kowa zai ci moriyar wahalarka ba tare da ya biya ba, kuma babu wanda zai riga wani kai wa kasuwa, to, wa zai wahalar da kansa? An ga alamar haka a 1964, sa'ad da hukumar Kalifoniya ta amince da na'urori huɗu na wasu kamfanoni daga waje, abin da ya sa dokar jihar za ta hau kan motocin 1966. Nan da nan kamfanonin motar, waɗanda suka daɗe suna cewa aikin ba zai yiwu da wuri ba, suka sanar cewa za su cika sharaɗin da gyaran injinansu. A watan Janairu 1969 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙungiyarsu ƙara tare da General Motors da Ford da Chrysler da American Motors, bisa zargin haɗa baki don jinkirta na'urorin rage hayaƙi. An sasanta a cikin shekarar ba tare da sun amsa laifi ba, amma aka rushe yarjejeniyar.

5.0 Doka ta Buɗe Kasuwa, 1970 zuwa 1993

A ranar 31 ga Disamba 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a kan Dokar Tsabtace Iska, wadda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta. Ta umarci a rage dafin hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin 100 cikin shekara biyar zuwa shida. Daga baya an ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya, amma kowa ya gane cewa kasuwa ta buɗe. Hukuma ta kuma wajabta wa manyan gidajen mai su tanadi fetur marar dalma daga 1974, har aka tsuke bakin tankin sababbin motoci don kada bututun mai dalma ya shiga. Motocin 1975 su ne na farko da akasarinsu suka fito da tukunya.

A cikin waɗannan 'yan shekaru ne aka sami ƙirƙire-ƙirƙiren da suka dawwama, kuma kowannensu misali ne na abin da doka ta yarda a mallaka.

Na farko, siffa da hanyar ƙira. General Motors ya fara da cika tukunya da 'yan duwatsu kamar tsakuwa, amma suna tauye numfashin inji. A kamfanin Corning, Rodney Bagley ya ƙirƙiro wani bakin ƙarfe wanda ake tura kwaɓaɓɓen yumɓu ta cikinsa, kamar yadda ake murza taliya a inji, ya fito da dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma. An ba shi takarda mai lamba 3,790,654 a 1974. Yawanci akan sami rami 400 a cikin kowane inci murabba'i.

Na biyu, haɗin abin da aka gina da shi. Irwin Lachman da Ronald Lewis, su ma na Corning, suka gano yadda za a haɗa yumɓun kodiyarait ya jure zafi da sanyi na farat ɗaya ba tare da ya tsage ba. Takardarsu mai lamba 3,885,977 ta fito a 1975. Shi kodiyarait sanannen ma'adini ne, amma yadda suka sarrafa shi sabo ne.

Na uku, haɗin ƙarafan. Tukwanen 1975 guba biyu kawai suke kashewa. A kamfanin Engelhard, Carl Keith da John Mooney suka jagoranci aikin da ya samar da tukunya ɗaya mai kashe duka ukun.

Na huɗu, haɗa ta da inji. Mai kashe guba ukun ba ta aiki sai an daidaita iska da mai, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera ma'aunin oksijin da ake dasawa a salansa, kuma Volvo na Suwidin ya fara haɗa su duka a mota a 1976, domin kasuwar Kalifoniya.

Har ila yau, ya kamata mu ambaci Honda na Japan, wanda a 1972 ya fito da inji mai suna CVCC da ya cika sharaɗin ba tare da tukunya ba, ya kuma sayar wa Toyota da Ford da Chrysler lasisin dabarar. Wannan ya nuna wani amfanin takardar mallaka: idan an tare maka hanya ɗaya, sai ka nemi wata. Turai kuwa ba ta wajabta mizanin da ya tilasta sa tukunya a dukkan sababbin motocin fetur ba sai 1993, lokacin da takardun Corning biyun nan sun riga sun cika wa'adinsu, a 1991 da 1992.

Idan muka kwatanta Houdry da mutanen Corning, za mu ga dukkansu sun riƙe takarda. Shi ya riƙe tasa a zamanin da babu doka kuma mai na da dalma, ta tashi a banza. Su kuwa sun riƙe tasu bayan doka ta zo an kuma gyara mai, sai duniya ta bi su.

6.0 Dokar Nijeriya

A ƙasarmu, Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar mallakar ƙirƙira a Legas da Kudu a 1900, a Arewa kuma a 1902, aka haɗe su a 1916. A 1925 aka sauya tsarin gaba ɗaya: sai wanda ya riga ya sami takarda a Ingila ne zai kawo ta a yi mata rajista a Nijeriya, cikin shekara uku. Wato da maƙerin Karaye zai ƙirƙiro wani abu a lokacin, sai ya bi ta Landan kafin ƙasarsa ta san da shi. Haka aka ci gaba har shekara goma bayan samun mulkin kai.

A 1970, shekarar da Amurka ta yi dokar iskarta, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Dokar Soja mai lamba 60, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Disamba 1971, kuma har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya fito daga zurfin tunani ba abin da kowane gwani zai hango ba, kuma a iya amfani da shi a masana'anta ko noma. Ta yarda a mallaki gyaran da aka yi wa wata ƙirƙira idan ya cika sharuɗɗan. Ta hana mallakar ƙa'idojin kimiyya. Wa'adinta shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata, kuma wanda ya riga shigarwa shi ke da haƙƙi.

Akwai abubuwa huɗu a dokar da suka shafi batunmu kai tsaye. Na ɗaya, sabunta a wurinta na duniya ne baki ɗaya, saboda haka wanda ya kwaikwayi tukunyar da aka riga aka bayyana a Amurka ko Japan ba shi da haƙƙin mallakarta a nan. Na biyu, magatakarda yana duba cikar takardu ne kurum, ba ya binciken ko abin sabo ne, don haka takardar Nijeriya ba ta da tabbas sai an gwada ta a Babbar Kotun Tarayya. Na uku, dokar ta ware rajistar fasalin kaya, mai wa'adin shekara biyar da ake iya sabuntawa sau biyu, amma ta fitar da duk siffar da aka yi domin aikinta kaɗai. Saƙar zumar cikin tukunya aiki ne ya haife ta, ba ado ba, don haka ba ta shiga wannan babi. Na huɗu, kotu na iya ba da lasisin dole idan mai takarda ya ƙi aiki da ita a ƙasar, bayan shekara huɗu da shigarwa ko uku da bayarwa. A 1979 kuma aka kafa ofishin da ke duba yarjejeniyoyin sayen fasaha daga waje, wanda tun 1992 ake kira NOTAP.

7.0 Yadda Tukunyar ta Iso Mana

A 1975, shekarar da motocin Amurka suka fito da tukunya, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Irin Fijo 504 da suka cika hanyoyinmu masu kafireto ne, ba su da tukunya, kuma ba wanda ya nemi su sa. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, fetur ɗin ƙasar kuwa mai dalma ne. Ko da an kawo tukunya a lokacin, da ta mutu kamar ta Houdry.

Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai, waɗanda da yawansu aka riƙa saukewa a Kwatano ana biyowa da su ta Jamhuriyar Nijar, ta Maraɗi zuwa Katsina da Kano. Ta wannan hanya tukunyar ta shigo, a ƙarƙashin motar da wani ya gama yayi. Ko da a ce an yi wa ƙirar Corning rajista a Nijeriya, da wa'adinta ya cika kafin tsakiyar shekarun 1990. Ba takardar kowa ce ta hana mu ba.

A watan Yuni 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka amince a Dakar za su daina sa dalma a fetur kafin ƙarshen 2005, kuma aka cika alkawarin, Nijeriya na ciki. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Sai dai sinadarin farar wuta da ke cikin mai, wanda shi ma yana raunana tukunya, ya daɗe yana da yawa a man da ake shigowa da shi. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa a 2011. A 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da tsaurara mizanin mai da na motocin da ake shigowa da su. Amma doka a takarda daban, awon hayaƙi a kan hanya daban.

Sakamakon haka a fili yake. Idan tukunya ta toshe mota ta daina ja, abin da aka saba shi ne a fasa cikinta a zubar, ko a yanke ta a yi waldar bututu. Wani lokaci ma lafiyarta ƙalau ake cirewa, saboda ƙarafan cikinta, waɗanda akasari daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su. A 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 a kan kowane oza, wato ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Daga garejin makanikai zuwa hannun masu sayen tsofaffin ƙarafa, tukunyar takan koma ƙasashen waje inda ake da masana'antun narka ta. Ta shigo da dukiya a cikinta, ta fita da ita, hayaƙin ya rage mana.

8.0 Fulatan, Rogo da Karaye

A wannan yanki, wanda ya yi iyaka da Jihohin Katsina da Kaduna, ƙaramar mota ba ita ce babbar mai fitar da hayaƙi ba. Babur ne ke kai manomi gona da kasuwa, shi ke ɗaukar buhun masara da marar lafiya. A 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana acaɓa a birni saboda dalilan tsaro, amma a karkara babur bai gushe ba. Ga injin niƙa a tsakiyar unguwa, inda mata da yara ke tsayawa jiran gari. Ga injin ban-ruwa a fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye. Ga janareto a shagon mai cajin waya da ɗakin shan magani. Waɗannan duka ƙananan injina ne, akasarinsu ba su da wata na'urar rage hayaƙi, kuma mutum na tsaye dab da bakin salansarsu.

A nan ne muke ganin ƙofar da doka ta bari a buɗe. Tsofaffin takardun da muka ambata duk sun zama na kowa, cike da zane da awo, ana samun su kyauta a intanet. Gaskiya ne kamfanoni na ci gaba da mallakar sababbin gyare-gyare, amma tushen ya kuɓuta. Tukunyar da za ta dace da ƙaramin inji marar ma'aunin oksijin, ta jure ƙurar hunturu da man bumburutu, ta kuma yi arahar da manomi zai iya saye, gyara ce da doka ta yarda a mallaka idan ta zo da sabuwar dabara. Tilas mu ƙara da gargaɗi biyu. Tukunya ba ta halatta kunna janareto a cikin ɗaki. Kuma narka ƙarafanta a gida da ruwan batir ko wuta haɗari ne; abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara fiye da 400, ya isa darasi.

Daɗin daɗawa, akwai giɓi a dokarmu. Jamhuriyar Nijar na cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma a tsarinta akwai ƙaramar takardar mallaka ta shekara goma, domin dabarun da suke sababbi masu amfani amma ba su kai zurfin babbar ƙirƙira ba. Dokar 1970 ba ta tanadi irin wannan ba. Ke nan mai walda a Maraɗi yana da hanyar da ɗan'uwansa na Rogo ba shi da ita, alhali irin dabarun masu sana'armu a wannan aji suka fi faɗawa.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙa'idar da tukunyar ke aiki da ita ba ta mallakuwa, sai haɗi da siffa da hanyar ƙira da yadda aka haɗa ta da inji. Mun ga takardar mallaka ta ɗaukaka dalma a 1924, ta kasa amfanar Houdry a 1956, ta zama abin fakewa a yarjejeniyar 1955, sa'an nan ta yi albarka bayan 1970 da doka da mai suka daidaita. Mun kuma ga cewa a Nijeriya ba a rasa dokar mallaka ba, abin da aka rasa shi ne mai tsabta a kan kari da hukumar da za ta auna hayaƙi.

Bisa wannan muke gabatar wa mahalarta taro shawarwari uku. A gyara Dokar 1970 a shigar da ƙaramar takardar mallaka, a kuma samar da masu binciken sabunta. Sassan injiniya na jami'o'inmu na Kano da Zariya, tare da kwalejojin fasaha, su ɗauki tsofaffin takardun nan su koyar da su, su fassara muhimmansu zuwa Hausa domin makanikai da masu walda, su kuma karkata bincikensu ga ƙananan injina. A ƙarshe, hukumomin jiha su sa awon hayaƙi cikin sharuɗɗan sabunta takardun mota, domin muddin cire tukunya ya fi barinta riba, ba wanda zai sayi wadda ɗalibinmu ya ƙirƙiro, ko da kuwa yana riƙe da takardar mallakarta.